Baƙo da Takarda: Daga Zangon Gwanja Zuwa Ofishin Shige da Fice

A wannan fitowa muna so mu waiwayi tarihin wani abu da ya shafi kusan kowane gida a cikinmu, wato takardar izinin zama da ta izinin aiki a ƙasar da ba taka ba. Dalili kuwa shi ne, yau da wuya ka zauna a majalisa a garin nan na Lafiya ba ka ji ana zancen wani yaro makanike da ke shirin tafiya Libiya ba, ko tela mai neman hanyar Saudiyya, ko likitan da ya ajiye aiki ya nufi Ingila. A ɗaya gefen kuma ga 'yan uwanmu na Nijar masu shayi da masu tura ruwa a unguwanninmu, ga magina 'yan Togo da Jamhuriyar Benin masu ɗora tayil, ga kuma 'yan Sin da ma'adinai suka jawo jihar nan. Kowane ɗayansu akwai takardar da doka ta ce ya riƙe. Mu kuwa Hausawa, da tafiya ta zama mana gado, mun ɗanɗani wannan al'amari ta fuska biyu. An taɓa korar namu saboda takarda, ƙasarmu kuma ta taɓa korar na wasu saboda ita.

Zamanin da mai masauki ne fasfo

Kafin zuwan Turawa kakanninmu ba su san wani abu wai shi fasfo ko biza ba. Amma kada wani ya ɗauka haka kawai mutum ke faɗawa ƙasar wasu ya baje kaya. Akwai tsari, mai ƙarfi kuwa. Mu ɗauki fataucin Gwanja, wanda ya bunƙasa a ƙarni na 19. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da rigunan rini da jar fata, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi har ya sauka Salaga, inda ake sayen goron Tonawa. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa kan ci kusan shekara guda. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi yin suna a wannan hanya.

Kowane ayari yana da madugu, shi ne uban tafiya, da kuma jagaba mai shiga gaba. Duk ƙasar da aka shiga, madugu ne zai je gaban sarki ya kai gaisuwa, a daidaita a kan kuɗin hanya, a biya fito a bakin kogi. In an biya, to ayari ya samu izinin wucewa ke nan. Da an iso gari kuma, ba a barin baƙo ya yi ta gantali ba shi da uban gida. Fatoma ne, wato mai masauki, zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, in bashi ya shiga tsakani kuma shi ne mai tsayawa. In baƙo ya yi ɓarna, mai masaukinsa ake fara kira a fada. Saboda haka fatoma ba ya karɓar wanda bai amince da shi ba, baƙo kuma ba ya yarda ya zubar wa mai masaukinsa mutunci. Ka ga ashe tambayoyin da ma'aikatan shige da fice ke yi yau, wato wane ne kai, me ka zo yi, wa ya tsaya maka, tun wancan zamani ake yin su. Bambancin kawai shi ne da baki ake amsawa, kuma mutum mai rai ne shaida.

Haka abin yake a wannan yanki namu. Mutanen da suka taso daga Barno ne suka kafa garin nan ƙarƙashin Muhammadu Dunama fiye da shekara 200 da suka wuce, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. Gishirin Awe da Keana da Azara ya jawo fatake daga ƙasar Hausa, a bayansu kuma mahauta da marina da maƙera da dukawa da malamai suka biyo. Sarki kan ba mai sana'a wurin zama domin gari na bukatar hannunsa. Da layin dogo ya ratsa Lafiya a shekarun 1920, sai cinikin riɗi da doya ya ƙara jawo wasu iyayen namu. Babu wanda ya zo da takarda. Sana'arsa da halinsa su ne suka zaunar da shi.

Turawa sun zo da layi da hatimi

A taron Barlin na 1884 zuwa 1885 ne Turawa suka daidaita tsakaninsu kan yadda za su yi wawason Afirka, daga nan aka shiga shata iyakoki. Hanyar Gwanja guda ɗaya sai ga ta ta faɗa hannun Ingila da Faransa da Jamus. Duk da haka, a zamanin mulkin mallaka takarda ba ta dami Bahaushen da ke zuwa Gwal Kwas ba, wato Gana ta yau, domin uban gida ɗaya ne ke mulkin can da nan, kuɗi ma iri ɗaya ake kashewa, fam da sule da kwabo.

Hasali ma Turawan da kansu suka nemi Hausawa. A 1863 Kyaftin Glover ya tara Hausawa a Ikko ya kafa rundunar da ta zama tushen sojan Nijeriya, aka kuma yi amfani da sojojin Hausawa a yaƙin Ingila da Tonawa na 1873 zuwa 1874. Da yawansu ba su dawo ba, can suka yi aure suka hayayyafa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa Kete Karaci da Kintampo da Kumasi da Ankara, babban birnin ƙasar, ko'ina suka kafa zango. Shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, a Kete Karaci ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Marigayi Alhassan Ɗantata ma a can ya fara ƙarfi, yana ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Gonakin koko da ramukan zinariya kuma suka yi ta haɗiye leburori daga Arewa. Ƙidayar da Gana ta yi a 1960 ta nuna akwai masu asalin wata ƙasa sama da 800,000, wato kusan mutum 12 cikin kowane 100, kuma kimanin 190,000 daga cikinsu 'yan asalin Nijeriya ne.

Yawancin waɗannan mutane ba su taɓa riƙe fasfo ba. Me za su yi da shi? Sarkin Zango ya san su, limami ya raɗa wa 'ya'yansu suna, kasuwa ta san rumfarsu.

Kwana goma sha huɗu na Busiya

Alamar farko ta bayyana tun shekarar da Gana ta samu mulkin kai. A 1957 gwamnatin Kwame Nkrumah ta ce manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, waɗanda ke cikin jam'iyyar adawa ta Musulmi, ba 'yan ƙasa ba ne. Suka garzaya kotu suna cewa a Gana aka haife su. Kafin kotu ta yanke hukunci, majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman ɗauke da sunayensu, aka tasa ƙeyarsu zuwa Nijeriya. Mutanen zango suka ɗauka rigimar siyasa ce ta manya, ba ta shafi mai rumfa ba. A 1963 aka yi dokar baƙi wadda ta wajabta wa kowane baƙo takardar izinin zama. Ba a matsa ba, saboda haka mutane ƙalilan ne suka kula.

Sai tattalin arzikin Gana ya shiga wani hali. Farashin koko ya faɗi, bashi ya yi wa gwamnati katutu, samari suka rasa aikin yi, 'yan kasuwar ƙasar kuma suka fara gunaguni cewa baƙi sun mamaye kasuwanni. Dokta Kofi Busiya ya zama firayim minista a watan Oktoba na 1969. Ran 18 ga Nuwamba gwamnatinsa ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya same ta cikin kwana 14, ko ya bar ƙasar kafin 2 ga Disamba.

A nan ne 'yan uwa za su gane yadda takarda take. Ba a ba ka izinin zama sai kana da fasfo. Ba ka samun fasfo sai ofishin jakadancin ƙasarku ya yarda kai nasu ne. Nijeriya kuwa a lokacin tana tsakiyar yaƙin basasa, ofishinta na Ankara ba shi da ƙarfin da zai yi wa dubban mutane fasfo cikin mako biyu. Wanda aka haifa a zango ma bai tsira ba, domin a dokar lokacin haihuwa a Gana kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, sai in iyayensa ko kakanninsa 'yan can ne. Sai ka ga dattijo mai shekara 40 a Kumasi, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ya wayi gari doka na ce masa baƙon haure.

Mutane suka shiga sayar da gidaje da rumfuna da motoci a wulaƙance, mai saye ya san ba ka da lokacin ciniki. Wasu suka kulle ƙofa suka bar mabuɗi a hannun maƙwabci. Aka cika manyan motoci zuwa Aflawo a iyakar Togo, wasu suka kwana da kwanaki a tashar jiragen ruwa ta Tema. Tsofaffi da jarirai sun mutu a hanya. Aƙalla mutum 200,000 suka fita cikin 'yan watanni. A cikin 'yan Nijeriya Yarabawa ne suka fi yawa, musamman na wajen Ogbomosho, sai namu Hausawa, ga kuma Zabarmawan Nijar da Mosawa da 'yan Togo. Iyayenmu sun ba mu labarin yaran da aka dawo da su garuruwan Arewa suna jin Hausar zango da yaren Tonawa, ba su san ko ƙofar gidan kakansu ba.

A 1970 aka biyo da wata dokar da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan Gana kawai. To, shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Manoman koko suka fara kukan rashin leburori, kasuwannin ƙauye da baƙi ke kai wa kaya suka yi sanyi, aikin da aka yi wa samari alkawari kuma bai samu ba. Ran 13 ga Janairu 1972 soja suka hamɓarar da Busiya.

Da rana ta juyo kanmu

Ba a yi shekara biyar ba sai ga arzikin man fetur ya ɓarke a Nijeriya. Aka shiga gine-gine, aka yi ƙarin albashin Udoji, a 1976 aka soma ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kuma yanke shawarar gina Abuja. Makarantu suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan. Gwamnatocin jihohi suka riƙa ɗauko malamai da likitoci da injiniyoyi daga Indiya da Pakistan da Masar da Filifin a kan kwantiragi, da takardunsu cif. Gana kuwa ta ƙara durƙushewa, sai 'ya'yanta suka kwararo nan: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, kafintoci, magina, teloli, masu gyaran takalmi. Mu da muke yara a lokacin a tsohuwar Jihar Filato mun san malaman Gana, mun kuma san yadda iyaye ke yabon koyarwarsu. Farin 1973 da 1974 shi ma ya koro mutanen Nijar da Cadi, da yawa suka kama aikin gadi da ga-ruwa.

A wannan tsakani ne aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko ran 28 ga Mayu 1975. A 1979 a Dakar shugabanni suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A lura da kyau, izinin shiga ne na kwana 90, ba a ce izinin aiki ba. Amma tun da akwai kuɗi kuma ana bukatar hannu, babu wanda ya tsaya ƙirga kwanaki.

Kamar yadda aka yi a Gana, a nan ma da babban mutum aka fara. A watan Janairu na 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Barno, ta ce ɗan Cadi ne, aka kai shi aka ajiye a ƙetaren iyaka. Shi dai Allah Ya taimake shi kotu ta tabbatar da cewa ɗan Nijeriya ne, ya dawo gida. A watan Disamba na wannan shekara aka yi tarzomar Maitatsine a Kano, inda sama da mutum 4,000 suka hallaka, kuma da yake jagoranta Muhammadu Marwa daga Kamaru ya fito, sai aka fara kallon kowane baƙo da wani ido. Daga nan kasuwar fetur ta faɗi, a 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, ga kuma zaɓe na tafe.

Ran 17 ga Janairu 1983 ministan harkokin cikin gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ke zaune ko yake aiki ba bisa ƙa'ida ba ya bar Nijeriya kafin ƙarshen wata. Kwana 14 ke nan, daidai da wa'adin Busiya. Bayan 'yan kwanaki aka sassauta wa ƙwararru, irin su malaman makaranta da ma'aikatan jinya da akawuna da kafintoci da magina, aka ƙara musu zuwa 28 ga Fabrairu. Wannan ya nuna mana abu guda: ko a ranar kora, gwamnati kan ware mai sana'ar da take bukata daga wanda ƙarfinsa kawai yake sayarwa.

An ƙiyasta mutum kusan miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana. Abin da ya ƙara munana al'amarin shi ne gwamnatin Jerry Rawlings ta riga ta rufe iyakokin Gana tun watan Satumba na 1982, saboda haka jama'a suka yi cirko-cirko a Seme da Kwatano da Lome, ba ruwa ba abinci, har sai da aka buɗe a ƙarshen Janairu. Wasu suka yi dafifi a tashar Apapa suna jiran jirgin ruwa. Jakar nan mai zane-zane da suka zuba kayansu a ciki, ita ce har yau muke sayarwa a rumfunanmu da sunan Gana-mas-go, yaranmu na kiran sunan ba su san hawayen da ke bayansa ba. A 1985 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake ba wa wasu kimanin 700,000 wa'adi zuwa 10 ga Mayu. Aikin yi dai bai wadata ba bayan tafiyarsu, makarantu da yawa kuma sun daɗe suna neman malaman lissafi da kimiyya.

Mu da muke zaune tsakanin Doma da Awe mun fi kowa sanin karin maganar nan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yadda dokar take tafiya

Yana da kyau mai karatu ya san cewa a ko'ina takardun nan hawa-hawa ne. Fasfo shaida ce daga ƙasarka cewa kai nata ne. Biza izinin shiga ce, kuma kowace da abin da aka yi ta dominsa, ta ziyara daban, ta karatu daban, ta aiki daban. Sai izinin zama, sa'an nan izinin aiki. Mai riƙe da ɗaya bai mallaki sauran ba.

A Nijeriya an cire sashen shige da fice daga cikin 'yan sanda a 1958, aka yi masa doka a 1963, aka sabunta ta a 2015. Kamfanin da ke son ɗauko ƙwararre daga waje sai ya nemi gurbi daga ma'aikatar harkokin cikin gida, abin da 'yan boko ke ce wa kota. Zai nuna cewa aikin na bukatar gwanintar da ba a samu a gida ba, ya kuma yi alkawarin sa 'yan ƙasa su koya a ƙarƙashin baƙon. In an amince, sai baƙon ya shigo a ba shi katin zama da aiki mai suna CERPAC, wanda aka fito da shi a 2002. Wannan ita ce hanyar da doka ta shata wa injiniyoyin waje, irin waɗanda ke aiki a masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam da wani kamfanin Sin ya buɗe a ƙaramar hukumar Nasarawa a 2024. Kamfanin ne ke tsaya wa baƙon, shi ake tuhuma in ya yi laifi. Ashe fatoma bai mutu ba, hatimi kawai aka ba shi.

Ɗan ECOWAS ba ya bukatar kota. An ƙara yarjejeniyar 'yancin zama a 1986 da ta kafa sana'a a 1990, amma duk da haka in zai wuce kwana 90 sai ya yi rajista ya karɓi katin zama. Kuma yarjejeniya ba ta hana ƙasa kare kasuwarta ba. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya, ya kuma ɗauki 'yan ƙasa 20 aiki, kuma da ita aka kafa hujja aka rufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. Mu ma a 1972 mun yi dokar da ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa, wadda ta sa Kwarori da Indiyawa da dama suka sayar da harkokinsu. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga ECOWAS. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'ya'yansu har sai an sake sanarwa. Wanda ya san 1969 da 1983 ya san nauyin wannan kalma ta har sai an sake sanarwa.

Hanyar gabas

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo Saudiyya, domin can ne hankalin yaranmu ya fi karkata. Kakanninmu sun tafi Makka da ƙafa ta Cadi da Sudan, suna tsayawa suna ƙwadago. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira suka riƙe dubbansu, wasu har abada. Waɗanda suka ƙetare Bahar Maliya suka zauna, su ne asalin waɗanda ake kira Takari. Yau zama a can sai da iƙama, ita kuma galibi sai da kafili, wato wanda ya ɗauko ka yake kuma tsaya maka. Bizar Umara ko ta Hajji ba ta halatta aiki. A watan Nuwamba na 2013, da wa'adin afuwa ya cika, hukumomin can suka shiga kame, aka kwaso dubban baƙi aka mayar ƙasashensu. A watan Maris na 2021 an sassauta dokar kafili ta yadda ma'aikacin kamfani zai iya sauya wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa, amma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali nan ne yawancin namu ke faɗawa. Likitan da gwamnatin can ta ɗauka da kwantiragi a rubuce, da yarinyar da wani ejan ya yi wa alkawarin baki, jirgi ɗaya za su iya shiga, amma ba ƙasa ɗaya za su sauka ba.

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwa, in muka dubi wannan tarihi za mu ga cewa lokacin wadata babu mai tambayar baƙo takarda, maraba ake yi da hannunsa. Ranar da abinci ya yi kaɗan ake tuna doka, kuma wa'adin da ake bayarwa ba ya isa a nemi abin da ba a tanada ba. Waɗanda suka fi shan wahala a 1969 su ne waɗanda suka fi daɗewa, domin daɗewar ce ta sa suka saki jiki. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna kira ga iyaye su yi wa kowane yaro takardar haihuwa a ofishin hukumar ƙidaya, su kuma tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kanta da katin ɗan ƙasa da takardun makaranta, domin saɓanin harafi ɗaya kan hana mutum fasfo. Mu da iyayenmu suka zo daga Kano ko Katsina ko Zariya aka haife mu a nan, mun san yadda tambayar asali kan taso wa yaro ranar neman makaranta ko aiki, ko da yake a cikin ƙasarsa yake. A adana takardun gida da na rumfa da rasiɗin haraji. Mai sana'ar hannu, makanike ne ko mai walda ko mai haɗa wutar lantarki, ya daure ya yi gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ya karɓi shaida, domin a ƙetare ba a ganin gwaninta sai an ga takardarta. Mai niyyar tafiya ya je ofishin shige da fice da ƙafarsa, ya ga kwantiragi a rubuce, ya sa wanda ya iya ya karanta masa, ya san irin bizar da aka buga masa kafin ya sayar da gonar gado.

Sa'an nan baƙin da ke cikinmu, musamman 'yan uwanmu na Nijar da muke sallah sahu ɗaya muke kuma auratayya, haƙƙinsu ne a kanmu mu zame musu masu masauki na gari. Wanda ya daɗe bai yi rajista ba a nuna masa hanya tun ana zaman lafiya. Wanda ya yi mana aiki a biya shi haƙƙinsa cikakke, kada a ce ai ba shi da inda zai kai ƙara. In wata rana aka sake buga gangar kora, kada a samu ɗan wannan ƙungiya cikin masu sayen kayan maƙwabci a wulaƙance, domin an taɓa yi wa iyayenmu haka a Kumasi, kuma har suka koma ga Allah ba su manta ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka sha rana a hanyar Gwanja da ta gabas, Ya tsare mana 'ya'yanmu da ke ƙasashen mutane, Ya zaunar da garinmu na Lafiya da ƙasarmu lafiya, amin.